Zanen littafi daban, abin da na tarar a ɗakin haihuwa daban

'Yar Mai Wurno:

Assalamu alaikum iyayenmu da yayyenmu na wannan zaure. Na daɗe ina karanta abin da kuke rubutawa ban taɓa tsoma baki ba, yau dai abin ya ishe ni.

Ni ɗalibar aikin jinya ce, shekara ta uku, yanzu ɓangaren haihuwa muke. A Madani ta ƙasar Sudan na fara karatun, yaƙi ya koro mu a Disambar 2023, littattafaina duka na bar su a akwati a ɗakin haya. Yanzu ina Kassala a gidan gwaggona, kuma abin da nake karatu da shi hotunan shafuka ne da wata ƙawata ta turo mini ta WhatsApp, wasu ma a karkace aka ɗauke su.

Daren Talatar da ta wuce ina aikin dare aka kawo wata yarinya, ba za ta wuce shekara goma sha tara ba, cikin fari, tun asubar jiya take naƙuda a gida. Mararta ta yi tudu daban a ƙasan cikin, ko ni ɗaliba na gane fitsari ne ya taru. Sistar da ke riƙe da ɗakin tana kan wata mai zubar jini, ta ɗaga murya ta ce in sa wa yarinyar robar fitsari, gasɗara kamar yadda muke cewa a nan. Wuta ta ɗauke, na miƙa wa uwar yarinyar wayata ta haska mini. Na wanke hannu, na sa safa, na buɗe kaya. Ina yaye zanen sai na tsaya cak. Babu ko ɗaya daga cikin abubuwan da na haddace. Fata ce a shafe sumul, sai wata 'yar ƙofa can ƙasa. Kaciyar Fir'auna. Na sha jin sunanta, mun ma yi ta a aji, amma mu a gidanmu ba a yi mana, kuma zanen da muka ci jarrabawa da shi na macen da ba a taɓa ba ne.

Kunya ta hana ni kira. Na tura robar ta ƙofar da na gani, ta shige salin alin, ko ɗigo bai fito ba. Na ƙara turawa, shiru. Sista ta zo ta ture ni da gwiwar hannu, ta yaɓa mini maganar da ba zan maimaita ba, a gaban uwar yarinyar. Kafin in gama haɗiye hawaye ita ta sa, leda ta fara cika.

Abin da ya fi ƙona mini rai, a jarrabawar zane ni na zo ta biyu a ajinmu. Ido a rufe zan zana muku mahaifa, in ce tsawonta sentimita 7.5, faɗinta 5, kaurinta 2.5, in jero muku shimfiɗunta uku. Amma hannuna bai san komai ba. To don Allah, yaya kuka koyi jikin mace da hannu? Kuma me ya sa kowace sista ta ɗauki maganar fitsari da zafi haka, kamar shi ne haihuwar? Ga shi saura sati biyu mu yi jarrabawa a kan awon ƙugu da sinadaran haila, lambobin sun cakuɗe mini. Sannan da yake ni kaɗai ke jin Hausa a ɗakin, duk Bahaushiyar da aka kawo ni ake kira tafinta, ni kuwa karatun da Larabci da Turanci na yi shi, in na zo mayarwa sai harshena ya sarƙe. A taimaka wa ƙanwarku.

Inna Ungozoma, Gadarif:

Wa alaikumus salam 'yata. Jikata ce ke rubuta mini, ni ido ya yi rauni, ina faɗa tana dannawa, in kin ga kuskure nata ne. Shekara talatin da ɗaya na yi ina karɓar haihuwa a Gadarif da ƙauyukan kewaye, kuma abin da ya same ki ya taɓa samuna, sai dai ni ba wanda ya gani sai Allah.

Ki daina kallon zanen nan ta gaba kamar hoton fasfo. Ta gefe za ki kalle shi. Ɗakuna uku ne a jere, bango ɗaya ne tsakanin kowane biyu. Na gaba, wanda ya jingina da ƙashin mara, mafitsara ce da hanyarta. Na tsakiya farji ne, mahaifa tana samansa, ta sunkuyo gaba ta kwanta a kan mafitsara. Na baya hanyar bayan gida. Wannan jeri ba ya sauyawa ko an yi wa mace kaciya ko ba a yi ba. Mai kaciya waje ta taɓa, ciki yana nan yadda Allah ya tsara shi. Ƙofar fitsarin yarinyar nan tana daidai inda littafinki ya ce, sama da ƙofar farji, rufi kawai aka yi mata. An yanke leɓɓan an haɗe su, suka warke suka zama murfi, fitsari yana bi ta ƙarƙashin murfin ya gangaro ya fita ta ƙofar da kika gani, tare da jinin haila. Shi ya sa duk wadda ta tura roba kai tsaye farji za ta faɗa. Sai an zura yatsa ƙarƙashin fatar an ɗaga ta, a nemi ƙofar a sama, wajen bangon gaba. In tabon ya matse har ba a iya ɗagawa, wannan ya wuce hannun ɗaliba. Wadda ta ƙware ce za ta yi allurar kashe zafi, ta buɗe tabon ta tsakiya tana yin sama har ƙofar fitsari ta bayyana, ta tsaya nan. Dama ko ba don fitsari ba dole a buɗe kafin kai ya fito, in ba haka ba ya yaga inda ya ga dama.

Laifinki ɗaya ne, da ba ki kira ba. Sauran na wadda ta tura ki ne ba tare da ta leƙa ba. Nan gaba in roba ta faɗa farji, kada ki zare ki mayar da ita mafitsara, ta riga ta kwashi ƙwayoyin cuta. Bar ta a wurin ta zama miki alama, ki ɗauko sabuwa ki nemi samanta. Hanyar fitsarin mace gajeriya ce, wajen sentimita 4, gaɓa biyu na yatsa, ta namiji kuwa takan kai 20. In kin tura tsawon yatsa guda babu ɗigo, ki zargi hanyar da kika bi. Sai fa idan kan ɗa ya sauko ya danne ta, a nan takan miƙe ta ƙara tsawo, sai a jira ciwo ya lafa a ɗan ɗaga kan da yatsu a hankali.

Kin tambayi dalilin da muke haƙilo a kan fitsari. Koma kan bangon nan. Mafitsara in ta cika ta cinye wurin da kai zai bi. In kuma naƙuda ta daɗe, kwana ɗaya, kwana biyu, kan ɗa ya matse bangon da ke tsakanin farji da mafitsara a jikin ƙashin mara, jini ya daina zuwa wurin, naman ya mutu. Ba ranar ake ganewa ba. Sai bayan kwana uku zuwa goma mataccen naman ya zube ya bar rami, mace ta wayi gari fitsari yana bin ƙafarta ba ta ji ba. Yoyon fitsari ke nan. In bangon baya ne aka matse, bayan gida ne zai riƙa biyowa ta gaba. Na san wadda aka ware wa kwano da tabarma shekara shida a kan wannan, yarinya mai kyau, tun cikin fari.

Bayan haihuwa kuma maganar ta fi haka zafi. Mahaifar da kika haddace, mai nauyin giram sittin ko ƙasa, lokacin haihuwa ta kai kilo guda, kuma jinin da ke ratsa ta ya wuce rabin lita a kowane minti. Inda mabiyiya ta ɓamɓare rauni ne buɗaɗɗe, ba mai ɗinke shi. Abin da ke tsayar da jinin naman mahaifar ne da kansa. Zarensa a gicciye yake kamar saƙar igiyar angarib, gadon nan namu na igiya, jijiyoyin jini suna bi ta ramukan saƙar. In ta dunƙule, igiyar ta shaƙe su. In mafitsara ta cika sai ta ture mahaifar sama ta karkatar da ita gefe, ta kasa dunƙulewa, jini ya ɓalle. Don haka hannunki ya zauna a cikin maijego. Ki ji ta da tauri kamar goruba, daidai cibiya ko ƙasa kaɗan, a tsakiya. In kin ji ta luɓus kamar ƙullu, ko ta gudu gefe, ki murza, ki kira, a fitar da fitsari, a yi allurar oksitosin mai sa mahaifa ta dunƙule, a sa ɗa a nono, don tsotson nan ma shi yake sa jikinta ya saki nata oksitosin. Rabin lita shi ne iyaka, daga nan zubar jini ne. Kullum za ta riƙa sauka wajen faɗin yatsa, kafin sati biyu ta ɓuya bayan ƙashin mara, a sati shida ta koma kusan yadda take. Kin ga ashe arba'in ɗin da iyayenmu suka yanke ba da ka suka yi ba.

Malamar da ta koya mana a Umdurman ta yi karatu, makarantar ungozoma da Baturiya Mabel Wolff ta buɗe a 1921. Takan ce ɗaliban farko ko alif ba su sani ba, da shinshina da ɗanɗano suke bambance magunguna. Haka ita ma ta koya mana, sai ta ɗaure mana ido da gyale ta sa mu lalube ƙashin ƙugu mu faɗi sunan abin da muka taɓa.

Abu na ƙarshe. Bayan yarinyar ta haihu, kakarta ko uwar miji za ta ja ki gefe ta ce a mayar da ita yadda take, adal. Kada ki yarda, kowane gefe a ɗinke shi daban. A farkon aikina na yi wa mata da yawa, da hannuna, ina ganin taimako ne, kuma ni na sake karɓar haihuwarsu na ga abin da na jawo musu. Ina neman gafarar Allah. Tun 2020 ma doka ta mai da kaciyar mata laifi, ɗaurin har shekara uku.

Sista a Jidda:

Inna, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ni ma na ƙaru. Ƙanwata, share hawayenki, ba wadda ba a taɓa turewa da gwiwar hannu ba. Ni iyayena mutanen Sinnar ne, a nan Jidda nake aiki ɗakin haihuwa, bari in ɗauki lambobin da suka cakuɗe miki.

Ƙugu matakai uku ne: mashiga, tsakiya, mafita. Kowanne ana auna shi gaba zuwa baya, a karkace, sannan gefe zuwa gefe. Mashiga 11, 12, 13. Tsakiya 12, 12, 12. Mafita 13, 12, 11. Shi ke nan, ƙidaya ce gaba, ki tsaya, ki ƙidayo baya. Amma in kika tsaya a hadda, ranar jarrabawa za ki juya su. Ki tambayi kanki me suke faɗa. A sama, faɗin yana gefe zuwa gefe. A ƙasa, faɗin ya koma gaba zuwa baya. Tunda Inna ta kawo angarib bari in ara: in za ki shigar da shi ta ƙofar zaure ki fitar ta ƙofar ɗaki da ke fuskantar wani gefe, dole ki juya shi a tsakani. Haka kan ɗa yake yi. Ya shiga yana kallon cinyar uwarsa, ya sauko ya taɓa naman ƙasan ƙugu, wanda yake a gangare kamar indararo, naman ya juyo da ƙeyarsa gaba ta shige ƙarƙashin ƙashin mara, ya fito yana kallon ƙasa. A hanya akwai ƙayoyin ƙashi biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, tsakaninsu sentimita 10 da 'yan kai, nan ne ya fi ko'ina matsi, kuma da su muke auna saukowar kai, in ya zo daidai su mu ce sifili.

Shi kuma kan, girmansa ya danganta da yadda ya ajiye shi. In ya sunkuya haɓa ta taɓa ƙirji, 9.5 ne ta tsawo, 9.5 ta faɗi, ya wuce ko'ina. In ya ɗan ɗago ya zama 11.5, naƙuda ta ja. In goshi ne ya gabato, 13.5, ki duba lambobin can sama, babu ƙofar da ta kai haka, sai aiki. Ɗa ɗaya, ƙugu ɗaya, sunkuyawa kawai ta bambanta.

Maganar hannu kuwa, ki fara da jikinki. Daren yau ki kama ƙugunki ki bi gefen ƙashin har zuwa tsininsa na gaba, ki gangara ki danna ƙashin mara, ki zauna a kan tafukanki ki ji ƙasusuwan zama biyu. Ki sa rula ki auna yatsunki, ki san faɗin biyun da kike awo da su a haɗe da kuma a ware. Don koyon awon buɗewar bakin mahaifa, ki samo kwalin sabulu ki yanke ramuka tun daga sentimita 2 har 10, ki zuba a cikin jaka, ki riƙa zura hannu kina cankar lambar kafin ki duba. Ni a motar zuwa aiki na koya haka, har wata tsohuwa ta tambaye ni ko goro nake ɓoyewa. Sannan duk jaririn da kika yi wa wanka ki shafa kansa ido a rufe. Maɗigar gaba babba ce, layi huɗu ne suka haɗu a kanta, sai wajen wata 18 take rufewa. Ta baya ƙarama ce, layi uku, sati shida zuwa takwas ta rufe. In yatsanki ya iya bambance su a waje zai bambance su a ciki, kuma daga nan za ki san inda ƙeya ta dosa.

Sinadaran haila ki ɗauke su kamar aikin gona. Akwai wata 'yar ƙwaya ƙasan ƙwaƙwalwa, girman wake, wadda a littafin Larabci ake ce wa nukhamiyya. Ita ke aiko sinadarin FSH ya nunar da ƙwai a ma'ajiyarsa. Jakar da ƙwan ke girma a ciki ta riƙa fitar da isturojin, shi ne mai huɗa, ya kauraro shimfiɗar mahaifa. In isturojin ya yi yawa sai 'yar ƙwayar nan ta kwararo sinadarin LH gaba ɗaya, bayan kwana ɗaya zuwa ɗaya da rabi jakar ta fashe ƙwai ya fito, ranar 14 ke nan daga fara haila. Jakar da ta rage ba ta mutu nan take ba, sai ta koma rawaya ta fara fitar da furojestaron, shi ne taki da ban ruwa, ya riƙe shimfiɗar ya cika ta da abinci. In ba a yi shuka ba, bayan kamar sati biyu jakar ta bushe, furojestaron ya faɗi, shimfiɗa ta zube, haila ke nan. In an yi shuka, ɗan tayin ya aiko sinadarin hCG ya ce wa jakar kada ki bushe, har mabiyiya ta karɓi aikin wajen wata na uku. Wannan hCG shi ne tsinken gwaji ke kamawa a fitsari.

Ga wani abu da littafinki ba zai faɗa miki ba. Ƙa'idar lissafin ranar haihuwa ta ƙara kwana 7 da wata 9 a kan ranar fara hailar ƙarshe ta watannin Miladiyya ce, jimilla kwana 280. Mata da yawa a nan, da iyayenmu a can gida, da watan Musulunci suke lissafi. Wata tara na Hijira kwana 266 ne ko kusa, sai ki ƙara kwana 14 maimakon 7. In ta ce miki uku ga Sha'aban ta ga jini, ki sa ran wajen 17 ga Jimada Ula. Na sha ganin an tayar wa mace da hankali wai ta wuce lokaci, alhali lissafin ne aka gauraya.

Malamin Jinya, Bur Sudan:

Sallama gare ku. Ni namiji ne a zauren mata, a yi mini afuwa, koyarwa nake yi kuma irin takardun da za ki rubuta nake dubawa.

Sista, bayaninki ya yi kyau, amma ranar 14 ɗin nan ina so in ɗan ja ta, don ita ce ke kayar da ɗalibaina, kuma ita ce ke sa wasu ma'aurata su yi shekara suna saɓa lokaci. Rabin baya na zagayen ne yake kusan tsayayye, wajen kwana 14 daga fitar ƙwai zuwa haila mai zuwa. Rabin farko shi ke miƙewa ya taƙaice. Don haka daga baya ake lissafi. Mai zagayen kwana 28 ranar 14, gaskiya ne. Mai 35 kuwa wajen ranar 21, mai 24 wajen ranar 10, kuma dukansu lafiyarsu ƙalau. Ƙwai ba ya wuce kwana guda da rai, amma maniyyi yakan kai kwana biyar a jikin mace, shi ya sa kwanakin da suka gabaci fitar ƙwai suka fi na bayansa muhimmanci.

Kada kuma ki tsallake bututun ƙwai don kin ga siriri ne a zane. Tsawonsa wajen sentimita 10, a wurin da ya fi faɗi ake haɗuwa, daga nan kwana uku zuwa huɗu kafin a iso mahaifa. In tsohon ciwon sanyi ya bar tabo a hanya, cikin sai ya zauna a bututun. Macen da ta yi ɓatan wata, ta zo da ciwon mara gefe guda da jiri, wani lokaci har kafaɗa na mata ciwo, ki ɗauke ta a haka har sai an tabbatar ba haka ba ne. Kada ki ba ta maganin ciwo ki ce ta dawo gobe.

Ɓangaren namiji ɗalibai mata sukan karanta shi da gudu kamar ana kallonsu. Ki zauna a kansa, don ke za ki fuskanci mazajen. Maraina suna waje ne saboda suna son sanyin da ya gaza zafin jiki da digiri biyu zuwa uku. Ƙirar maniyyi tana cin wajen wata biyu da rabi, don haka zazzaɓi mai zafi na yau yakan nuna a gwajin da aka yi bayan wata biyu, ba a yanke wa mutum hukunci da gwaji ɗaya. Kowane ɓangare yana kawo ƙwayoyin gado 23. A cikinsu ɗaya ce ke yanke jinsin ɗa: ta uwa kullum X ce, ta uba ce ko X a samu mace, ko Y a samu namiji. Ranar da wani ya tsaya a bakin ƙofa yana huci don an haifa masa mace ta biyar, ke kin san daga wajen wa abin ya fito, sai ki nemi lafazin da zai shiga kunnensa.

Nau'o'in ƙugu huɗu na Caldwell da Moloy, na 1933, ki haddace su don za a tambaya. Amma kada ki kalli tsayin mace ko lambar takalminta ki ce ba za ta haihu da kanta ba. Naƙudar ce ke nunawa, shi ya sa ake cika takardar bibiya awa bayan awa.

Inna Ungozoma, Gadarif:

Malam ya yi gaskiya. Na manta maganar tafinta, jikata ta tuna mini.

'Yata, kalma ɗaya ki kiyaye: mahaifa. Mutanenmu da yawa abin da ke biyo ɗa shi ma mahaifa suke ce masa. Wata rana mabiyiya ta maƙale wa wata Bahaushiya, likita ya ce mashima za a ciro da hannu, yaron da ya yi tafinta ya fita ya ce wa mijin za a cire mata mahaifa. Mutumin ya ce sam, 'ya'yansa biyu kacal. Tana ciki tana zubar da jini ana waje ana musu, sai da na fito na ce masa mabiyiya ce, wadda ake binnewa, ɗakin ɗa yana nan ba mai taɓa shi. Nan take ya dangwala hannu. Ki ce mabiyiya, ki ƙara da wadda ake binnewa. Rahim kuma ki ce mahaifa, inda ɗa ke kwana. Unuƙur rahim bakin mahaifa, ya buɗe yatsa kaza. Ruwa in ya zube, faya ta fashe. A gaban suruka ko miji ki ce gaba, ko ƙasa, kowa ya gane, ba sai kin kira suna ba.

In mabiyiyar ta fito kada ki miƙa wa dangi sai kin shimfiɗa ta a tafukanki kin ga ba inda ya gutsure. Wajen rabin kilo ce, faɗin ƙaramin faifai. Ki duba bakin cibiya inda aka yanke, za ki ga ido biyu da baki ɗaya, jijiyoyi uku ke nan. In ido ɗaya ne ki gaya wa likitan yara.

'Yar Mai Wurno:

Inna, Yaya, Malam, Allah ya saka da alheri, ya jiƙan magabata. Na karanta sau uku, na kwafe a littafi da hannu.

Yarinyar ta haihu da asubar ranar, namiji, sai da aka buɗe tabon kamar yadda Inna ta ce. An bar mata robar saboda daɗewar da ta yi, kullum in na shiga sai na duba shimfiɗarta, har yau a bushe take, alhamdu lillahi. Kakar kuwa ta zo, ta kama mini gefen tob, wato lulluɓina, a baranda tana raɗa, na ce mata ni ɗaliba ce, na nuna mata sista. Daga inda nake na jiyo amsar.

Jiya sistar nan ta kira ni wajen wata mai irin wannan kaciyar. Ba ta ce komai a kan ranar ba, ta dai tsaya a bayana ta riƙe fitila. Na ɗaga fatar, na nemi sama, fitsari ya zo. Ta ce in je in rubuta adadin.

Kwalin sabulu na yanka, gwaggo ta ɗauka wasan yara nake haɗa wa jikokinta, na 7 da na 8 ne har yanzu suke ruɗa ni. Yaya, kin ce goshi 13.5. To in fuska ce ta gabato gaba ɗaya fa, nawa ne, kuma haɓar ina ya kamata ta kalla? A hotunan da nake da su daidai wurin nan yatsan ƙawata ya rufe shafin.